Matakalar da aka auna da zani

Shekarun baya, lokacin ina aji biyu a makarantar kwana ta 'yan mata, na dawo gida Ƙaraye hutun damina. Na sauka a tasha, na ɗora akwatina a ka, na biyo lungunmu ina tsallake ruwan da ya kwanta. Ina karyo kwana, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne wata doguwar ƙujewa a jikin shuɗin fenti, tun daga wannan ƙarshe har wancan, kamar an ja wuƙa. Sai da na gama kallon ƙujewar sannan na lura ashe a jikin mota take, motar kuma a ƙofar gidanmu take tsaye. Haka nake tun ina ƙarama. A nuna mini sabuwar riga, ni zaren da ya zazzago a hannunta zan fara gani.

A-kori-kura ce mahaifina ya saya bayan na koma makaranta. Ba sabuwa ba ce, amma a wurinsa babu irinta a duk ƙasar Kano. Yana dako da ita zuwa kasuwannin ƙauye, taki da hatsi da mutane, ta wajen Tudun Kaya har cikin ƙasar Rogo. Kullum da safe sai ya zagaya ta da tsumma. In ya zo kan ƙujewar nan ta bakin bodi, wato akwatin bayan motar, inda masu lodi suke jan buhu a kan ƙarfe, sai ya tsaya ya ja tsaki. Ba ya ba kowa tuƙinta, ko da wasa.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka mahaifina da mahaifiyata ba sa kiran sunana. "Ke" ce ni a wurinsu. Hira ba ta haɗa mu, sai aike da gaisuwa. Wadda ta raine ni ita ce kakata, mahaifiyar mahaifiyata, kuma gidanta yana nan bayan namu, lungu ɗaya ya raba. A ɗakinta nake kwana duk hutu. Ita kaɗai nake iya buɗe wa baki in yi magana mai tsawo, don a makaranta ma har malamai sun daina nuna ni, sun san ko sun nuna ni ƙasa zan kalla.

Kaka Bafulatana ce, ta fito daga wani ɗan ƙauye a bayan Ruwan Bago. Kunya a wurinta ba abin wasa ba ce, musamman tsakaninta da mahaifina. In ya zo gaishe ta, tun daga tsakar gida yake cire takalmi ya tsuguna a ƙofar ɗaki, ita kuma tana ciki bayan asabari. Ba ta taɓa cin ko goro a gabansa ba. In ta hango shi a hanya sai ta saki hanyar. Ban taɓa ganin sun haɗa ido ba.

A makon da na dawo ne wani mutum ya zo a kan keke ranar kasuwa, duk ƙafafun wandonsa taɓo. Ya ce yayar Kaka tana kwance a can ƙauye, jiki ya yi nauyi, ta daina cin komai sai kunu, kuma ba ta da magana sai ta ƙanwarta. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Kaka ta saurare shi, ta ba shi ruwa, ta sa masa albarka. Bayan ya tafi ta zauna a bakin gado ta daɗe tana murza bakin zaninta.

Da damina ƙananan motoci ba sa shiga wannan hanya, sai irin ta mahaifina. Da can Kaka da ƙafa take zuwa, ta kwana a hanya wajen dangi, amma yanzu gwiwoyinta sun ƙi. Da yamma mahaifina ya zo ya tsuguna a inda ya saba.

"Iya, na ji saƙo. Allah ya ba ta lafiya. Gobe da safe in kai ki."

Daga bayan asabari Kaka ta ce, "Allah ya yi albarka. Gobe dai akwai hadari. A bari ya sauka."

Hadari ya sauka. Mahaifina ya dawo, ta ce warin fetur yana tayar mata da zuciya. Ya ce zai yi tafiya a hankali, ta ce akuyarta ta kusa haihuwa, ba ta da mai duba ta. Akuya ta haihu, ta ce ai mota jiri take sa ta. Shi kuwa ba ya musu da ita. "To, Iya," kawai yake cewa, ya tashi ya ɗauki takalmansa.

Ba a daɗe ba magana ta fara yawo. Na je ɗibar ruwa na ji wasu mata suna cewa ai dama akwai tsohon saɓani tsakanin 'yan'uwan a kan wata saniya ta gado, Kaka ce ba ta yafe ba. Suna ganina suka koma zancen tsadar manja. Mahaifiyata ma na same ta a madafa tana share ido, ta ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ba ta hura ba. Ni kaina na fara jin haushin Kaka. Ina jinta da asuba tana yi wa yayarta addu'a da Fulatanci, gari ya waye kuma ta ƙirƙiro sabon dalili.

Ranar wata Juma'a da tsakar rana, maza duk sun tafi masallaci, lungu ya yi tsit, ina zaune a cikin zaurenmu ina ɓare gyaɗa a wurin da ba a ganin mutum daga waje. Sai ga Kaka ta fito daga lungunta a hankali, ta ɓoye wani abu a ƙarƙashin mayafi. Ta duba gabas, ta duba yamma. Ta je bayan motar ta fito da abin, ashe kujera ce 'yar tsugunno. Ta ajiye, ta taka, ta ɗaga ɗaya ƙafar tana neman inda za ta sa. Zanin ya riƙe ta. Ta kai hannu ta kama bakin bodi don ta ja jikinta, sai ta fizge hannun da sauri tana yarfewa, don ƙarfen ya sha rana. Ta naɗe tafin da mayafi ta sake kamawa. Wannan karon ƙafar ta kusa kaiwa, amma sai zanin ya fara buɗewa, kujerar ta goce, ta dafe taya da ƙyar. Ta tsaya tana haki. Sannan ta sunkuya ta share sawun kujerar a ƙasa da tafin ƙafarta, ta mayar da ita cikin mayafi, ta koma gida tana ɗingishi.

Gyaɗar da ke hannuna ban san lokacin da na murƙushe ta ba.

A nan na gane komai. Gaban mota ba nata ba ne, don ba za ta taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da surukinta ba. Baya kuma ba ta iya hawa. Matan kasuwa masu ƙarfi sukan tattare zani su taka taya, wani ya miƙo hannu ya ja su, ana dariya. Kaka ba za ta tattare zani a ƙofar gidan surukinta ba, ba kuma za ta yarda namiji ya ɗaga ta kamar buhu ba. Turmi zai iya kaiwa, amma ko za a yanka ta ba za ta taka abin da ake daka abinci a ciki ba. Kuma ba za ta faɗa ba. Gara a ce ba ta da zumunci da a ce ta buɗe baki ta yi wa mijin 'yarta zancen ƙafarta.

To, na gane. Sai me? Wa zan faɗa wa? In na faɗa wa Kaka na gan ta, na kunyata ta. Na je wurin mahaifiyata sau da dama, in tsaya a bakin ƙofa, ta ɗago ta ce, "Ke, lafiya?" in ce, "Tsintsiya nake nema." Har ta fara tambaya ko cinye tsintsiyoyin gidan nake yi. Ina ta wannan jeka-ka-dawo mai keken ya sake zuwa, ya ce yanzu ko kunun ma sai an ɗura mata.

Washegari mahaifina ya leƙo tsakar gida ya ce wa mahaifiyata zai kai mota wurin mai walda a rufe bakin bodi, ya gaji da yagewar buhu da lalacewar fenti. Ya ce, "Waccan ta zo in sauke ta wurin tela, an ce kayan makarantarta sun ɗage." Waccan ɗin ni ce. Na shiga gaba na maƙale a jikin ƙofa. Telan bai buɗe ba, saboda haka muka wuce wurin mai walda tare.

Rumfar kwano ce a bayan tasha, ƙasa duk baƙin mai da gutsattsarin ƙarfe. Akwai wani wari mai kama da ruɓaɓɓiyar tafarnuwa, na dutsen nan da suke jiƙawa ya ba su iskar da suke kunna wuta da ita. Mai waldan Bazazzagi ne, gajere mai tumbi, ya ɗaure baƙin tabarau a goshi da robar tayar keke, ido ɗaya na tabaran a tsage. Yana hango mahaifina ya ware hannuwa.

"A'a! Bawana ya tuna da ubangidansa. Me ka kawo mini, Bakano? Ko hannu biyu ka zo kamar kullum?"

"Na kawo maka aiki ka samu na tuwo. In ba don Kanawa ba ai da kun mutu da yunwa."

"Ka ji shi. Wannan gwangwanin ne aikin? Wallahi ko a sadaka ba na karɓa." Ya juyo ya gan ni. "Wannan fa? 'Yar boko ce? Sannu malama. Allah ya sa ba ki gado rowar ubanki ba."

Na durƙusa na gaishe shi da muryar da ni kaina ban ji ba. Ya nuna mini benci.

Ban taɓa ganin mahaifina yana dariya haka ba. Suna ta zolayar juna, mai waldan yana aiki. Ya fara bin bakin bodin da guduma yana kwantar da inda ƙarfe ya tashi ya yi kaifi. Sannan ya jawo wata tsohuwar tayar babbar mota, ya wasa wuƙa a dutse, ya tsoma ta a ruwa, ya dinga yanko roba doguwa mai faɗin tafin hannu. Sai ya kwantar da ita a kan bakin bodin, ya sa rodi a wuta har ya yi ja, ya huda robar da shi, hayaƙi ya tashi, ya zura kusa mai noti ya ɗaure ta ƙasa. Kan kowace kusa sai ya danna shi ya nutse cikin robar, ya shafa da yatsa ya ji ko zai kama buhu. Ina kallo ƙujewar nan tana ɓacewa a ƙarƙashin baƙar roba, ina kuma kallon kusurwar baya, inda Kaka ta ajiye kujerarta.

Na san in aka gama aka tayar da mota, shi ke nan. Na ga ya ɗauko noti na ƙarshe. Na miƙe tsaye ba tare da na shirya ba.

"Baba."

Bai ji ba. Mai waldan ne ya ji. "Bawana, malama tana magana."

Mahaifina ya juyo da mamaki. Ina jin tun da na yi wayo ban taɓa fara yi masa magana ba sai in shi ya tambaye ni.

"Da... da an sa mata abin takawa."

"Abin takawa? Mota ce ko bene?"

"Saboda mata," na ce, ina kallon babban yatsan ƙafata.

"Matan da suke hawa kullum kamar birai? Waɗanne matan?"

"Masu zuwa kasuwa." Sannan na ƙara da cewa, "Da tsofaffi."

Na ɗan saci kallonsa. Ya cire hularsa, ya duba cikinta kamar ya ajiye wani abu a ciki, ya mayar. Bai tambaye ni wace tsohuwa ba. Har ya bar duniya bai taɓa tambayata ba. Ya juya wurin mai waldan ya ce, "Ka ji. Sa mata."

"Yau ga abin mamaki, Bakano zai ƙara aiki da kansa. Malama, kullum ki dinga rako shi."

Ya jawo wani bututun ƙarfe da fallen ƙarfe mai gurza-gurza, ya yanka, ya lanƙwasa. Ya ce a gefe zai sa matakalar, bayan tayar baya, daidai kusurwa, yadda in an sauke ƙofar baya mutum zai taka ya juya ya shiga. Da ya zo aunawa sai ya ɗaga ƙafarsa ya dafa jikin motar, ya yi alama da alli a inda ƙafar ta kai. Ya sauke tabarau, ya ce in juya kada wuta ta ci mini ido. Ya ɗan ɗiga walda ta riƙe. Mahaifina ya tattare riga ya taka, ya yi tsalle ɗaya sai ga shi a ciki. Ya sauko yana murmushi.

"Ta yi."

"Ai aikin Zazzagawa ne. Malama, zo ki buɗe mana ita, tunda ke kika yi oda."

Na zo na tsaya a gabanta. Zani ne a jikina, na ɗaura shi har idon sawu yadda Kaka ta koya mini. Na ɗaga ƙafa, zanin ya tsayar da ni tun ban kai rabi ba. Na sake gwadawa. In dai ba tattare shi zan yi har gwiwa ba, babu yadda zan kai. Na sauke ƙafar na tsaya.

Mai waldan ya fara dariya, sai kuma ya tsaya. Ya kalli ƙafata, ya kalli wandonsa, ya kalli na mahaifina.

"Kai! Bawana, ka ga shirmen da muka yi? Da wando muka auna. Tun da nake wannan sana'a mai zani ba ta taɓa shigowa rumfar nan ba, ina zan sani?"

Ya buge matakalar da guduma ta faɗo. Ya tattaro guntayen katako ya jera su a ƙasa, ya ce in taka. Ya ƙara ɗaya, na taka. Ya ƙara, na taka, har muka kai inda zanin ya fara ja. Ya cire na saman ya ce, "Nan ke nan." Ya ɗauko alli.

Nan ɗin daidai ne, amma daidai da ni. Ban san yadda zan faɗa ba. Sai na ja da baya, na sake tahowa a hankali. Na ɗan karkata, na dafa gwiwar hagu da tafin hannu, na ja ƙafar dama, na tsaya na numfasa, sannan na ɗaga ta kaɗan, iyakar yadda na san tana ɗagawa in za ta haye dokin ƙofar ɗakinta. Ƙafar ba ta kai saman katakon ba.

Da na ɗago sai na ga mahaifina ya kawar da kai gefe, ya sunkuyar, yana kallon ƙasa, daidai yadda yake yi a ƙofar asabari. Tafiyar surukarsa ya gani a jikin 'yarsa, kunya ta kama shi.

Mai waldan ya kalle shi, ya kalle ni. Ya sunkuya ya zare katako, ya sake zare wani, har ƙafata ta hau ba wahala. Sannan ya ce, a hankali, "To hawa biyu za a yi."

Mahaifina ya gyara murya. "In ta yi ƙasa haka, kwazazzabon farko zai cire ta. Ka san hanyar Ruwan Bago da damina."

Babu wanda ya ambaci Ruwan Bago kafin wannan lokacin. Shi ma da ya ji abin da ya fito daga bakinsa sai ya hau duba taya.

Suka tsuguna su biyu suna zane a ƙasa da tsinke, wannan ya ce haka, wancan ya goge. A ƙarshe suka tsaya a kan cewa ta sama za ta zauna daram, ta ƙasa kuma a yi mata gaɓa irin ta ƙofa, in an hau a naɗe ta sama a maƙale da 'yar sarƙa. Aikin ya kai mu har la'asar. Tela dai ba a je ba. Da aka gama na taka ta farko, na taka ta biyu, na kai hannu inda mai hawa zai kama. Robar ba ta ƙuna kamar ƙarfe, amma ta yi faɗi, ƙaramin hannu ba zai damƙe ta ba. Na buɗe tafina a kanta na rufe. Mai waldan yana kallo. Ya lanƙwasa ɗan rodi ya liƙa a wurin, ya naɗe shi da igiyar rama tsaf.

"Saura me, malama? Ko a sa mata labule?"

Na yi dariya a gaban mahaifina, na rufe baki da mayafi.

Da muka koma bai ajiye motar a ƙofar gidanmu ba. Ya kai ta ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin lungun Kaka, wai rana tana ɓata fenti. Ya sauke ƙofar baya, ya saki matakalar, ya bar ta haka. Sannan ya shiga gida ya tsaya kusa da katangar da ke ɓangaren gidan Kaka, ya ɗaga murya yana faɗa wa mahaifiyata cewa matan kasuwa sun dame shi da ƙorafi, shi ya sa ya yi musu abin hawa, yanzu ko jinjiri sai ya hau. Mahaifiyata tana kallonsa baki buɗe, don bai taɓa yi mata bayanin mota ba.

Kafin magariba Kaka ta ce za ta je ta ɗebo ganyen darbejiya. Ta daɗe. Da ta dawo babu ganye a hannunta. Ta zauna ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ƙawata, idon nan naki ya yi yawa."

Na ce, "Ni me na gani?"

"Ba ki ga komai ba. Tashi ki ɗauko mini ƙwaryar nan ta saman randa, da zanina baƙi. Ki ce wa uwarki ta faɗa masa, in Allah ya kai mu gobe."

Da safe na ɗauki ƙunshinta muka fito. Abin da ba mu lissafa ba shi ne labarin matakala ya riga ya zaga unguwa. Muna isowa zaurenta na hango maza cike da gindin darbejiya. Maƙwabta, masu dawowa daga masallaci, masu shirin tafiya gona da fartanya a kafaɗa, wannan ya taka ya sauko, wancan ya ja sarƙar yana yaba dabara. Limamin lungunmu ma yana nan, ya zo yi wa matafiya addu'a. Mahaifina yana tsakiyarsu yana bayani. Kaka ta leƙa, ta ja da baya, ta jingina da bangon zaure. Na ji ta sauke numfashi.

"Mayar da kayan ciki," ta ce. "A bari sai gobe."

Ba zan ja muku rai ba. Ba a bari sai gobe ba. Mun tafi a ranar, ni da ita da mahaifiyata a baya a kan tabarma, ta riƙe igiyar ramar nan har muka isa. Mun samu yayarta da rai. Da aka ce mata ga ƙanwarta, ta buɗe ido ta faɗi wata magana da Fulatanci, Kaka ta yi dariya tana hawaye, daga baya ta ce mini cewa ta yi, "Sai yanzu, sarkin nawa?" Mun bar Kaka a can tana jinyarta. Ita ta dinga ba ta kunu, kuma a hannunta ta cika bayan an fara cin sabon gero. Zancen saniya ban sake jin sa a bakin kowa ba.

Duk sun rasu yanzu, Kaka da mahaifina da mai waldan, Allah ya jiƙansu. Motar ma an daɗe da sayar da ita, amma kafin nan mata sun sha hawa, har masu ciki sukan ƙi shiga wata su jira ta. Idan na tuna, godiya nake ji. Ina gode wa mahaifina da ya fahimta bai tambaya ba, da mai waldan da ya san inda wasa yake tsayawa. A gidanmu ba a faɗin abubuwa da yawa, kuma na daɗe ina ganin wannan cuta ce kawai. Wani lokacin cutar ce, don saura kaɗan ta hana 'yan'uwa biyu sallama. Amma a cikin shirun nan na ga mutane suna kula da juna ta hanyar da har yau ban iya ba. Kunyata kuwa tana nan, ban warke ba. Ko a taron makarantar 'ya'yana a baya nake zama.

Shi ya sa har yanzu nake mamakin yarinyar nan ta cikin zaure. Ban mayar da kayan ciki ba. Na ajiye ƙunshin a gaban Kaka, na fita. Na ratsa mazan nan har gaban mahaifina, na durƙusa. Hira ta tsaya, kowa ya zubo mini ido, har liman. Na ji muryata ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"Baba, don Allah ku duka ku juya baya, ku kalli gidan mai goro. Kada wanda ya waiwayo sai na ce."